Hannun Jarin Baba a Sunan Alhaji

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shigar da sunayen mutane cikin na'ura a Garwa, kuma har yau in aka tambaye ni aikina sai in ce akawu ce ni, don in huta da dogon bayani. Ainihin aikin shi ne riƙe rajistar masu hannun jari a wani kamfanin nama da fatu. In mutum ya sayar da hannun jarinsa, ko ya ba ɗansa, ko ya mutu aka raba gado, takardar teburina take zuwa. Sai in buɗe manhaja, in cire daga wannan suna in mayar wancan, in sa kwanan wata, in haɗa da hoton takardar da aka sa wa hannu, in tura wa shugaban ofishinmu ya amince. Da ya danna nasa, magana ta zauna. Ba a gogewa, kuma a gefen kowane layi manhajar tana ajiye sunan wanda ya shigar da sa'ar da ya shigar. A kamfaninmu kuwa suna ɗaya ne a gefen layukan nan duka, nawa.

Mahauta da dillalan shanu ne suka kafa kamfanin tun ba a haife ni ba. Suka haɗa ƙarfi suka gina ɗakin sanyi a bayan mayanka, suka sayi motoci biyu masu kai nama kudu. Daga baya abin ya bunƙasa, aka buɗe wa jama'a, har mutanen Ngong da Marwa suka shigo. Babana yana cikin na farkon. Mahauci ne na tebur da wuƙa, ba irin masu mota ba. Ya sayar da bijimai biyu da ya yi shekara yana kiwo a bayan gida, ya sayi hannun jari arba'in. Sai dai ba a rubuta sunansa ba. An zuba su a ƙarƙashin sunan Alhaji, ubangidansa.

Wanda bai tashi cikin mahauta ba zai ce wauta ce, ni ma na sha faɗa. Alhaji ne ya ɗauko Baba yana maraya ɗan shekara goma sha biyu, ya koya masa fiɗa, ya ba shi tebur, ya yi masa aure. A wurinmu, wanda ya yi maka haka ba ka jera sunanka da nasa a takarda ɗaya. Abin da ka samu yana shiga ƙarƙashin rigarsa, shi ya san naka ne, unguwa ta san naka ne, shi ke nan. In an raba riba Alhaji yakan miƙo wa Baba tasa a ambulan, Baba ya karɓa da hannu biyu, ko buɗewa ba ya yi a gabansa.

Amma ba ribar ce ta dami Baba ba. Taron shekara ne ransa. Sau ɗaya a shekara akan kafa rumfa a farfajiyar kamfani, masu hannun jari su taru, shugabanni su zo su yi bayani. Tun saura sati Baba yake kai shuɗiyar rigarsa wurin masu bugu. Ran taron ya zauna a sahu na biyu, daidai bayan Alhaji, ya ɗaga hannu a ƙirga da shi, ya miƙe ya yi magana a kan direbobin da ke kashe sanyin mota a hanya nama ya lalace. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba, wanda duk shekara tsaye yake cikin jini da ƙuda, ran nan darakta da injiniya sai sun yi shiru sun saurare shi. Yakan dawo ya yi kwana bakwai yana ba mu labari, har Inna ta ce to mun ji, ai ba kujerar Makka aka ba ka ba. Babu mai tambayar takarda a bakin rumfar, don kowa ya san fuskar kowa.

Da na gama makarantar koyon aikin ofis, Alhaji ne da kansa ya yi mini magana aka ɗauke ni. Wannan ma in na tuna sai raina ya ƙara ɓaci. Ban yi shekara ba aka ce doka ta zo daga Yawunde: takardun hannun jarin da mutane ke ɓoyewa a ƙasan akwati sun daina aiki, abin da ke cikin na'ura kaɗai za a riƙa dubawa. Aka sayo manhaja, aka turo wani mutumin Duwala ya koya mini, aka ajiye mini tsohon littafin rajista mai bangon zane aka ce in kwashe shi duka in zuba. Lokacin zafi ne, irin zafin Garwa da kujerar roba ke manne wa mutum. Wuta tana ɗaukewa sau uku kafin azahar, mutumin Duwala yana shan ruwa yana zagin garinmu da Faransanci, yana zaton ban ji.

Tsohon akawun da ya riƙe littafin ya rasu kafin in zo. Malami ne, kuma da gani mai tsoron Allah. Yana rubuta rajistar da alƙalami da Faransanci yadda hukuma ke so, sannan ya koma gefen shafi da fensir, da ajami, ya rubuta gaskiyar magana. Ajamin da na koya a makarantar allo, wanda ban taɓa zaton zai yi mini amfani a ofis ba, shi ya sa na iya karantawa. A gefen sunan Alhaji na ga layi biyu na fensir. Na farkon sunan wani mahauci ne, na biyun sunan babana ne, da arba'in a gabansa, da kalmar amana.

A manhajar akwai wurin da ake zaɓar dalilin da ya sa hannun jari ya tashi daga wani ya koma wani. Huɗu ne: sayarwa, kyauta, gado, jingina. Na tambayi mutumin Duwala ina wurin amana. Sai da na yi masa bayani sau biyu, sannan ya yi dariya ya ce, “Madam, na'ura sunan da ke takarda ta sani. Mai sunan ya sa hannu a takardar mayarwa, ki shigar, minti biyar an gama.” Akwai wani ɗan fili a ƙasa na ƙarin bayani, na rubuta a ciki cewa arba'in daga cikin na Alhaji na wane ne. Shugabanmu ya gani ya dawo mini da shi. Ya ce fensir ba hujja ba ne, kuma wannan layin masu bincike zai jawo mana, in cire. Na cire. Ranar Talata da hantsi, bayan an dawo da wuta, na shigar da sunan Alhaji da duk abin da ke ƙarƙashinsa, shugaba ya amince.

Ban damu sosai ba a lokacin, tunda an ce minti biyar ne. Na buga takardar mayarwar, na cike komai, saura wurin sa hannu. Da la'asar na tarar da Baba a tsakar gida yana wasa wuƙaƙensa.

Na ce, “Baba, akwai takardar da nake so ka kai wa Alhaji ya sa hannu.”

Ya ce, “Ta mece ce?”

Na yi masa bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa tsofaffin da ke zuwa ofis. Bai ɗago ba har na gama.

Ya ce, “Alhaji ya ce miki ba nawa ba ne?”

“Bai ce ba.”

“Ya taɓa hana ni wani abu?”

“A'a, Baba.”

“To in je in tsaya a gabansa da takarda in ce masa me? In ce shekara hamsin da na yi a bayanka ban yarda da kai ba, sa mini hannu?”

Na ce, “Baba, na'ura ba ta san Alhaji mutumin kirki ba ne.”

Ya ce, “Ai ba na'ura ce ta rene ni ba.” Ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Wancan mutumin na layin fensir na farko, shi ya kai tasa takardar, Alhaji ya sa masa hannu ba gardama. Na kawo wa Baba wannan a matsayin misali, ashe na ƙara ɓata abin ne. Ya ce ai mayanka duka zancen ake yi, an ce wane ya nuna halinsa, ko gaisuwarsa mutane da ƙyar suke amsawa.

Ni kuma ba ni da haƙuri, Inna ta ce tun ina goye haka nake. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na yafa mayafi na tafi gidan Alhaji ba tare da na gaya wa kowa ba. Na same shi a zaure a kan buzu, ƙafafunsa a kumbure, ya miƙe su a kan matashi. Na durƙusa na gaishe shi, ya tsokane ni da gaisuwar Fulatanci, “Jam na, madam ta ofis?” kamar yadda ya saba. Na fito da takardar, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya karɓa ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ko da yake ba ya karanta boko.

Ya ce, “Ubanki ne ya aiko ki?”

Na ce, “A'a, Baba Alhaji, ni na kawo kaina.”

Ya ce, “Arba'in ɗin nan nasa ne, ko ɗaya babu nawa a ciki. Allah ya sani, garin nan ya sani.”

“To ka sa hannu mana, Baba Alhaji, ga alƙalami.”

Ya yi murmushi ya ce, “'Yar nan, kin yi boko amma akwai saura. Kin san abin da ake nufi in ubangida ya kira yaronsa ya ce ga naka a rubuce? Sallama ke nan. Na ce masa kwashi kayanka, tsakaninmu ya ƙare. Me ya yi mini da zan sallame shi da furfura a kansa? In shi ya zo ya nema, kafin ya rufe baki na sa. Amma ni ba zan fara ba.”

Ya miƙo mini takardar, ya sa aka ɗebo mini goro in kai wa Inna.

Na fito ina tafiya ina huci har na wuce inda ake hawa babur ban sani ba. Tsofaffi biyu, wannan ba zai nema ba don kada a ce bai yarda ba, wancan ba zai bayar ba don kada a ce ya kore shi. Da ɗayansu mugu ne da na san da wa zan yi faɗa. To babu mugu a cikinsu, kuma na ji haushinsu su biyun fiye da yadda na taɓa jin haushin wani macuci.

Alhaji bai ɗauki zuwana da zafi ba. Da dariya ma ya ba Baba labari, yana cewa 'yarka akwai kai. Baba ne ya dawo gida bai taɓa tuwo ba. Washegari da sassafe ya koma ya ba Alhaji haƙuri, ya rantse masa ba da saninsa ba ne. Ni kuma ya kira ni ya ce, “Kin kunyata ni a gidan da aka ba ni wandona na farko.” Kwana tara in na gaishe shi “lafiya” kawai yake cewa ya juya. Inna ta ja ni ɗaki ta ce in bar su, su suka san abinsu, tun kafin a san za a haife ni suke haka.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sa hannun Alhaji ba wuya gare shi, ɗan lanƙwasa ne da ɗigo biyu, kuma ina da hotonsa a na'ura a takardar wancan mutumin. Na zauna na dube shi ya fi a ƙirga. Da na kwaikwaya, Alhaji da kansa ba zai musa ba, tunda gaskiya ce zan rubuta. Ban yi ba. Na so in ce tsoron Allah ne ya hana ni, amma tsoron kora ne da gidan yari, da sunana da zai zauna a gefen layin har abada.

Shekara biyu abin ya tafi kamar babu komai. Aka yi taro a rumfa kamar kullum, Baba ya shiga a bayan Alhaji, ya ɗaga hannu, ya yi wa direbobi tas. Ya dawo yana tsokanata: “Ina na'urar taki? Na ga ba ta zo ta tashe ni ba.” Har ni ma na fara sakin jiki. Takardar dai tana cikin jakata, in ta yamutse in buga sabuwa.

A shekara ta uku ciwon Alhaji ya tashi, aka kwantar da shi a asibiti. Baba ya bar teburinsa a hannun maƙwabcinsa, kullum yana can, shi ne fifita, shi ne juya shi, shi ne kai farfesu. Na san ba zan iya tunkarar Baba da takardar ba, sai na bi ta wurin Inna. Ta karɓa, ta sa masa a aljihun riga, ta ce masa don Allah ko don yaran nan. Ya fita da ita. Bayan kwana uku ina haɗa wanki na same ta a aljihun, a ninke huɗu. Wurin sa hannun yana nan fari. A bayanta kuma wata ma'aikaciyar asibiti ta rubuta masa sunan maganin da za a sayo wa Alhaji.

Alhaji ya rasu da damina. Baba na cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Ƙanina da ke wurin ya gaya mini cewa kafin a sallaci gawar liman ya yi shela, kamar yadda ake yi, duk mai ajiya a hannun mamaci ya yi magana ko ya samu magada. Ƙanin nawa ya ce mahauta da yawa sun juyo sun dubi Baba. Baba ya sunkuyar da kai yana duban takalmansa.

Bayan an share makoki babban ɗan Alhaji ya zo ofis. A Duwala yake zaune, tare muka yi wasa da ƙannensa, ƙanwata yake ce mini. Ya nemi takardar shaidar abin da mahaifinsa ya mallaka a kamfani, don a kai wa noter, wato jami'in da ke rubuta rabon gado a hukumance. Na danna na'ura ta fitar, da sunana a ƙasa. Ina miƙa masa na ce, “Yaya, ka san arba'in a ciki na Baba ne.”

Ya ce, “Na sani, tun ina yaro nake ji. Amma ƙanwata, mu tara ne, wasu ko Garwa ba su sani ba sosai. Noter abin da ke takarda yake rabawa. Takardar kuma ke kika ba ni.”

Bai yi ƙarya ba, kuma a fuskarsa na ga ya san bai yi ƙarya ba, ya kuma ji daɗin hakan. Ya ƙara da cewa in Baba ya kai magana kotu da shaidu, shi ba zai ja ba. Na kai wa Baba saƙon. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce, “In kai 'ya'yan Alhaji ƙara? Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba.”

Takardar noter ta iso teburina cikin dosiye, wato fayil, mai kyau, da hatimi a kowane shafi. Irin takardar da nake so a aiki, babu abin da ya ɓace, babu abin tambaya. Na buɗe sunan Alhaji, na zaɓi gado, na shigar da na farko. Na sake zaɓar gado, na shigar da na biyu. Haka har tara. Bijiman Baba biyu suka watse cikin mutum tara, wasu a Duwala, ɗaya ma a ƙasar waje, har ba a iya nuna inda suka shiga. Ban fi minti ashirin ba. Shugaba ya amince kafin azahar, ya leƙo ya ce aikin ya yi tsabta.

A shekarar aka sami sababbin shugabanni, masu son komai ya tafi bisa ƙa'ida. Suka ce an daina taron rumfa. Za a yi a zauren wani otal kusa da kogi, kuma babu mai shiga sai wanda sunansa ke cikin jerin da na'ura ta fitar, ko mai takardar wakilci. Na kira Yaya a waya in roƙi wakilcin ko na mutum ɗaya, ya ce ai sun riga sun ba lauyansu su taran. Na ce wa Baba bari in saya masa ko hannun jari ɗaya da sunansa, albashina zai iya. Ya ce, “In sayi ɗaya ina da arba'in? Wato na yarda ba ni da su ke nan.”

Na ce, “Baba, taron bana da jerin sunaye za a shiga.”

Ya ce, “Wa ke riƙe da jerin?”

Na ce, “Ni.”

Ya ce, “To.” Ya tashi ya ɗauki buta.

Na san abin da “to” ɗin nan ke nufi, wato tunda 'yarsa ce ke riƙe da jerin ba za a hana shi shiga ba, kuma na bar shi a haka. Sati guda ina ganin ya kai riga bugu, ya karɓo, ya yi aski, ban buɗe baki ba. Kullum in ce gobe zan gaya masa. Ina da baki a kan kowa a duniyar nan, amma a satin nan bakin nawa ya mutu.

Ran taron aka ajiye mini tebur a bakin zauren, da jerin sunaye shafi goma sha huɗu. A damana shugabanmu, a haguna wani jami'in kotu da aka ɗauko ya shaida taron, yana duba katin shaidar kowa yana yin alama a tasa takardar. Mutane suka yi layi. Tun daga nesa na hango shuɗiyar rigar tana ƙyalli a cikin rana. Yana tsakiyar tsofaffin mahauta, suna hira da Fulatanci da Hausa a gauraye, yana dariya. Layin yana matsowa, ni kuma ina miƙa alƙalami ina karɓa.

Ya iso. Ya ajiye katinsa a gaban jami'in kamar yadda ya ga ana yi, ya miƙo mini hannu in ba shi alƙalami. Jami'in ya karanta sunan da ƙarfi, ya juyo gare ni. Na buɗe shafin da sunan zai kasance in da yana nan. Na bi da yatsa daga sama har ƙasa.

Baba ya ce a hankali, “Duba da kyau.”

Na koma shafin farko. Ni na buga jerin nan, na san shi kamar ɗakina, amma na bi shi layi layi, shafi goma sha huɗu, mutane suna jira, jami'in yana duba agogo. Da na kai ƙarshe na kasa ɗagowa. Shugabanmu ya sunkuyo ya ce mini da Faransanci, in babu babu ne, madam, layi ya yi tsawo.

Baba ba ya jin Faransanci, amma ya ji wannan. Ya janye hannunsa. Ya ɗauki katinsa ya mayar aljihu, ya gyara zaman rigarsa a kafaɗa. Sannan ya juya ga mahautan da ke bayansa, ya ce da murya mai ƙarfi, “Ku shige mana. Ni dama zuwa na yi in ga yarinyar nan a bakin aikinta.” Ya dubo ni ya ce, “Kin karya kuwa?”

Na ce na karya.

Ya ce, “To madalla.” Ya ratsa layin ya fita.

Ɗaya bayan ɗaya suka sa hannu suka shiga, mutanen da suka san komai, waɗanda suka ɗauki bulo tare da shi aka gina ɗakin sanyin. Babu wanda ya dubi fuskata, ni ma ban dubi ta kowa ba.

Bai tafi gida ba. Ta gilashin ƙofa ina hango shi a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, wurin da masu babur ke jiran fasinja, zaune a kan benci da rigarsa ta bugu. Awa huɗu taron ya yi. A ciki ina jin ana tafi, ana kiran a ɗaga hannu, ana ƙirgawa. Sau biyu na tashi zan kai masa ruwa, sau biyu na koma na zauna, don na san in na je na tona abin da yake rufewa. Yana jira ne a tashi ya bi ayarin mahauta su koma unguwa tare, kada a gan shi ya dawo shi kaɗai da hantsi.

Sai bayan la'asar na gama tattara takardu na koma gida. Na tarar ya riga ni, yana zaune a tabarma bai ko cire rigar ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina cire takalmi, ban san da wace fuska zan shiga ba. Inna, wadda ba ta san komai ba, ta ajiye masa kwanon fura ta ce, “Yau kuma shiru? Ina labarin? Yaya taron?”

Ya ce, “Lafiya lau aka yi.” Ya ɗauki ludayi ya juya furar, ya daɗe yana juyawa. Sannan ya ce, “'Yarki ta iya aiki.”